Kafin a zaɓi bindiga, a fara neman fili

A Amurka, mai sha'awar wasan harbin bara yana iya kwana yana tunanin ko Glock 17 zai saya ko CZ 75, ƙananan bindigogin da ke ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi. Mutumin Gezawa kuwa, doka ta hutasshe shi. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinsa sai daga Shugaban Ƙasa. Bindigar toka ce kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya ba da izininta.

Ban ga laifin wannan tsanani ba. Abin da ke damuna shi ne, an rufe ƙofa ba a buɗe ko taga ba. Harbi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, ga maharba, ga 'yan bindigar Sarki da ke cika gari da hayaƙi ranar Hawan Daushe. To, a ina matashi zai koya? A Gezawa gona na manne da gona, gida na kallon gida, babu dajin da harsashi zai faɗa bai tarar da mutum ko akuya ba.

A ganina, gara jiha ta keɓe fili mai tudun ƙasa a bayan abin bara, a yi wa maharba rajista da katin shaida, a fara da bindigar iska ta mita 10 irin ta gasar Olamfik. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi cikin Maris 2025, bindigogin farautarsu aka gani aka ce masu garkuwa da mutane ne.