Bolar Da Ke Yawo A Saman Kawunanmu

Ranar 30 ga Disamba, 2024, wani ƙaton zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku da ke Kenya. Hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce ɓangaren roka ne. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma fa abin ya shafe mu.

Starlink ɗin da muke yabon saurinsa tun shigowarsa Najeriya a 2023, dubban taurarin ɗan'adam ne ke riƙe da shi. Kowannensu kimanin shekara biyar yake aiki, sai a sauko da shi ya ƙone a iska. A 2022 hukumar sadarwar Amurka ta ce duk wanda ya gama aiki a ƙasa-ƙasan sararin samaniya, a kawar da shi cikin shekara biyar, maimakon 25.

To ga inda gizo ke saƙa: jikin taurarin nan akasari alminiyam ne, masana kuma na fargabar ƙurar da yake bari in ya ƙone za ta lalata rigar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. An share sama, an ƙazanta iska ke nan.

Shi ya sa gyara daga wajen ƙira yake farawa. A Nuwamba 2024, Jami'ar Kyoto da kamfanin Sumitomo Forestry suka harba LignoSat, ɗan akwatin katako mai faɗin santimita 10, don a gwada ko katako zai jure. Gwaji ne tukuna.

Sai dai gwaji ba doka ba ne. Hukumar NCC da ke ba su lasisi, ya kamata ta riƙa tambaya: in ya mutu, ina za a kai gawarsa?