Rawa Ma Tana Son Kaka

'Yan'uwa ɗalibai, a Faransa da Ingila ƙungiyoyin rawar bale suna da kakarsu kamar 'yan ƙwallo. Wajen watan Satumba sukan buɗe ta da jerin raye-raye, wata tsohuwa, wata sabuwa fil, a buga sunan wanda ya tsara kowace, jama'a su sayi tikiti. Ni tsarin nan ya fi burge ni a kan tsayuwa bisa yatsun ƙafa.

Mu fa? Ga Maliki ta Kanuri, ga Bansuwe ta Bura, ga Koroso ta Kano. Amma yaushe ake ganinsu? Sai an yi biki, ko babban baƙo ya sauka, a kira masu rawa su sha rana na 'yan mintoci, a sallame su. Shi ya sa yaro a Jiddari Polo ya fi sanin rawar Indiya, don ita ke biyo shi har cikin waya.

Wani zai ce rawa ba sana'ar mutumin kirki ba ce. To, Keita Fodeba ya kafa Les Ballets Africains a Faris a 1952, bayan Gini ta sami 'yanci a 1958 ta zama ƙungiyar ƙasa, ta zaga duniya da gangunan ƙauye. Gini kuwa Musulmi suka fi yawa.

A ganina, Maiduguri ta ware makonni biyu cikin hunturu duk shekara, a sayar da tikiti, a biya masu rawa. Mu ɗaliban harshe sai mu rubuta takardar shirin da Hausa da Kanuri, sunan rawa, sunan ganga, sunan kowane taku, tun tsofaffin da suka san su suna raye.