Ra'ayinmu: Tsare Dogo Ya Fi Gyaransa

Ran 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka tashi bom a dogon Abuja zuwa Kaduna, suka kashe fasinjoji, suka sace sama da 60. Sai Disamba jirgi ya dawo.

Landan ma ta ɗanɗana. A Oktoban 1940 Jamusawa suka jefa bom kan tashar Balham ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane da yawa suka halaka. Amma cikin wata uku jirgi ya koma aiki, ana tsakar yaƙi.

Mu ba gyaran ƙarfe ne ya gagare mu ba, tsaro ne.

'Yan'uwa mazauna Kudu, wannan hanyar gida ce. Daga Garki muke roƙon Gwamnatin Tarayya ta tsare dogo dare da rana. Rigakafi ya fi magani.