Mu daina raina tabarmar kaba

'Yan uwa 'yan kasuwa, maza da mata, mu dubi rumfunanmu. Tabarmar roba ce a gaba, ta kaba kuwa mun cusa ta lungu. In tsohuwa daga Safo ta kawo tabarmar da ta yi kwanaki tana saƙa, sai mu taya kamar sadaka muke ba ta. To, jikarta da ke kallo, me zai sa ta koyi saƙa?

Ku dubi Japan, mai ƙera mana motoci. Har gobe a garin Mino ana yin takarda da hannu daga ɓawon itace, wadda suke kira washi. A 2014 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya. Su ba su ce ƙauyanci ba ne.

Mu ma muna da kaba, muna da fatar jar akuyar Maradi. Ciniki na adalci ne ya rage. Mu biya masu saƙa haƙƙin guminsu, mu fito da kayansu gaban rumfa, mu sa su cikin kayan ɗakin 'ya'yanmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.