Gidanka na kusa da gidan mai? Na'urar TDS ba za ta nuna maka fetur a ruwan rijiyarka ba

Jama'a, 'yar na'urar nan ta TDS da ake tsomawa a kofi ta ba da lamba tana da amfani, amma kada ta sa ka sakankance. Gishiri da ma'adanan da suka narke take aunawa, ta hanyar yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Fetur kuwa ba ya ɗaukar lantarki, don haka ruwan da ya gurɓata zai iya ba ka lamba mai kyau.

Tankunan gidan mai a binne suke. Idan tanki ya yi tsatsa ko mahaɗar bututu ta saki, mai zai dinga tsiyaya shekara da shekaru ba wanda ya gani. Yana sauka har ya tarar da ruwan ƙasa, ya kwanta a samansa tunda ya fi ruwa rashin nauyi, wani sashe ya narke ya bi ruwan zuwa rijiya da burtsatsen maƙwabta. Mafi hatsari a ciki shi ne benzin, sinadarin da ke jawo sankarar jini. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa ita ce mikrogiram 10 a lita ɗaya, ƙasa da abin da hancinka zai ji. Rahoton UNEP na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu benzin da ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale, kusa da bututun mai, mutane kuma suna sha.

To, yaya ake binciken gaskiya? Ana haƙa ramuka kewaye da tankuna da famfuna, a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, a auna tururin mai da na'urar PID. Sannan a kafa rijiyoyin sa ido aƙalla uku, don a gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Daga nan sai ɗakin gwaji, a auna benzin da 'yan uwansa.

A ganina, wannan kuɗi mai gidan man ne ya kamata ya biya, kuma lokaci-lokaci, ba sai ruwan unguwa ya fara wari ba. Za a ce da tsada. Haka ne, amma man da ke zuba ma kuɗinsa ne, kuma tsaftace ruwan ƙasa kan ɗauki shekaru.

Ga inda wayarka za ta yi aiki:

1. Buɗe Google Maps, ka danna kan gidanka ka riƙe, ka auna nisansa da gidan man.
2. Kunna GPS a kyamara, ka ɗauki hoton duk wani maiƙo a saman ruwa.
3. Rubuta ranar da kuka fara jin wari, ka tambayi maƙwabta su ma.
4. Ku haɗu da mai unguwa ku kai koke a rubuce ga NOSDRA da NMDPRA da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Idan ruwa ya riga ya fara warin mai, a daina sha da girki da wanka da shi. Tafasawa ba magani ba ce, benzin ɗin tashi zai yi ku shaƙa.

Ka tura wa duk wanda ka san yana maƙwabtaka da gidan mai. Allah Ya kare mu.