Sharhi: Dolfin Shi Ne Uwar Kuɗin Kizimkazi

Kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, kan shirya wa baƙi hutu cikakke: masauki, ɗan jagora, zagayen tsohon gari, sa'an nan sammako zuwa ƙauyen Kizimkazi, a kudancin tsibirin, domin kallon dolfin, dabbar teku mai shayarwa.

A da, masuntan ƙauyen kan farauci dolfin, su sa namansa a ƙugiya don kama manyan kifaye. Cikin shekarun 1990 suka lura cewa kai baƙo kallonsa ya fi kashe shi riba, suka bar farautar. A 1997 gwamnati ta keɓe mashigin tekun Menai a matsayin yankin kiyaye halittu.

Sai dai gasar neman fasinja kan sa kwale-kwale masu inji su yi wa garke ƙawanya, kuma bincike ya nuna hakan yana rage wa dabbobin hutawa. In suka ƙaura, ciniki ya mutu. Wajibi ne hukuma ta ƙayyade yawan jirage da tazararsu, kamfanoni kuma su ɗauki matuƙa masu bin doka kaɗai. Ɗan kasuwa riba yake ci, ba uwar kuɗi ba.