Ra'ayinmu: A Bincika Kafin A Zuba Dukiya

Kusan kowace shekara sai mun ji labarin wani bawan Allah da ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ko ya sayar da gonar gado, ya sayi injin niƙa ko ya gina ɗakin kaji, amma kafin kaka ta zagayo dukiyar ta salwanta. In an tambaye shi dalili sai ya ce ƙaddara ce. To, ba mu musun ƙaddara. Amma in ka ƙara tambayarsa wa ya gaya masa akwai ciniki a wurin, sai ka iske amsar ita ce ya ga wane ya yi ya samu. Wannan shi ne iyakar bincikensa.

Kada a zaci talaka kaɗai ke wannan ganganci. Sa'ad da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano cikin 1912, Turawa sun sakankance auduga za su riƙa kwasa su kai wa masaƙun Ingila. Ba su tsaya sun tambayi manomi ba. Da sun tambaya, da sun ji cewa masaƙan Kano na biyan kuɗin da ya fi nasu, kuma gyaɗa ta fi wa manomi daɗin nomawa, don in kasuwa ta faɗi ya ci abarsa, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fataken goro na Kano su suka gane haka, domin yaransu na zagaya ƙauyuka, sun san abin da manomi ya ke lissafawa a ransa. Sai gyaɗa ta cika taragu, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Cikin waɗanda suka shahara a wannan ciniki akwai Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Tanganyika, wadda yau ta ke cikin Tanzaniya. Cikin 1946 Gwamnatin Ingila ta aiki manzanni su duba ko za a iya noman gyaɗa da injuna a can. Suka yi mako tara kacal, suka komo suka ce a sare daji fiye da eka miliyan 3. Aka fara aiki cikin 1947. A Kongwa sai aka tarar ruwan sama bai isa ba, ƙasar kuma in ta bushe ta kan ƙeƙashe har ta ci bakin garma. Cikin 1951 aka watsar da shirin, an yi hasarar fiye da fam miliyan 36. Da an fara da gona ƙarama an ga daminu biyu ko uku, da ɗan kuɗi kaɗan ya saya musu wannan ilmi. Mu ma nan gida an yi irinsa a Mokwa daga 1949 zuwa 1954: injuna suka yi huɗa mai faɗi, amma aka manta cewa ciyawa da hannu za a cire ta, gonar kuwa ta fi ƙarfin mai gida da iyalinsa.

Abin da masana ke kira binciken kasuwa ba wani asiri ba ne, kuma ba sai mai ofis ke iyawa ba. Mu ɗauki mai son kafa injin niƙa a ƙauye. Ya sami littafi da fensir, ya zauna bakin hanya ya ƙidaya masu kai niƙa gari na gaba, da yawan mudun da kowa ya ɗauka. Kada ya yi ranar kasuwa kaɗai, don za ta ruɗe shi. Ya haɗa da sauran ranaku. Ya kuma tuna cewa lissafin kaka dabam ya ke da na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Wajen tambaya kuwa nan ne yawanci a ke tuntuɓe. Mutum ya kan tambayi abokansa na majalisa da surukansa, su kuwa ba wanda zai so ya kashe masa gwiwa. Wajibi ne ya tambayi waɗanda ba su san shi ba, daga kowace unguwa, mai hali da marar hali, watau ya ɗebo kamar yadda mai sayen hatsi ke zura hannu har ƙasan buhu, ba ya yarda da na sama. Yadda a ke tambayar ma abin lura ne. In ka ce wa mutum, "In na kawo inji za ka kawo niƙa?" kunya za ta sa ya ce i. Tambaye shi ina ya kai jiya, nawa ya biya, wace wahala ya sha. Abin da mutum ya riga ya aikata ya fi abin da ya yi alkawari tabbas.

Bayan wannan sai ya nemi wanda ya taɓa yin sana'ar ya bari, ya ji abin da ya kore shi, don wanda ya ci riba kowa na zuwa wurinsa, wanda ya faɗi ba mai neman shawararsa, alhali shi ya san inda ramin ya ke. Ya rubuta kuɗin mai, da gyara, da ladan yaro, da watannin da ba ciniki. In lissafin ya ce a'a, ya daure ya karɓa. Wannan shi ne mafi wuya, gama wanda ya riga ya ƙulla abu a zuci ya kan ji amsar da ta yi masa daɗi kaɗai.

Mu na roƙon shugabannin jam'iyyun gama kai, da duk masu ba da rance, kada su sa hannu a takarda sai mai nema ya nuna littafin ƙidayarsa. Malaman lissafi kuma, maimakon tambayoyin allo kullum, su riƙa kai yaran manyan aji kasuwar garinsu sau ɗaya a zango, su ƙidaya buhunan da suka shigo, su rubuta farashin safe da na yamma, su komo aji a tattauna abin da ya sa suka bambanta.